An Ce Ni Na Kai Ƙarar 'Yan'uwana A Jidda

Ni Bahaushiya ce gaba da baya, kuma Kirista. Wanda ya tashi a ƙasar Malumfashi da Kafur, ko a Gani ta Sumaila, ko a Wusasa, ba zai ga abin mamaki a nan ba. Kakana Bamaguje ne, babana ya karɓi bishara yana saurayi, ƙannensa biyu kuma suka musulunta. Gida ɗaya muka tashi da 'ya'yansu. Da Sallah a aiko mana da nama, da Kirsimeti mu kai musu shinkafa da kaji. Sai da na tafi Zariya karatun jinya na fara cin karo da tambayar da ta bi ni har Saudiyya: "Ke da gaske Kirista ce?" Musulmi yakan yi mini ita da mamaki, Kirista ɗan'uwana kuwa da shakka. Nakan ce musu ai Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, Bahaushe ne kuma Kirista. Su gyaɗa kai, amma ba su daina auna ni da ido ba.

A 2010 na zo Jidda aikin jinya a wani asibiti mai zaman kansa. Maigidana malamin firamare ne, albashi sai an ga dama, ga yara biyu, ga rufin ɗaki yana yoyo. Muka yi shawara, muka yi addu'a, na taho. Fasfona yana hannun masu asibitin, igamata, wato katin izinin zama a ƙasar, tana jakata, kuma a jikinta an rubuta addinina, kamar yadda ake rubuta na kowane baƙo.

Babu majami'a ko ɗaya a ƙasar nan, kuma ba a yarda wanda ba Musulmi ba ya yi ibadarsa a fili ba. A cikin ɗakinka an ce kana iya yi, amma iyakar abin da aka yarda da wanda ba a yarda ba, ba wanda zai zana maka. Haka na sami wata ƙaramar zumunta ta 'yan Arewa, mutum kamar ashirin: 'yan Filato, 'yan Kudancin Kaduna, mutanen Ƙaltungo da Billiri, da na Adamawa. Nas-nas, direbobi, masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki, da masu aikatau a gidajen Larabawa. Ranar Juma'a muke sujada, don ita ce ranar hutu. Ana zuwa bibbiyu, kowa da kular abinci a hannu, wanda ya gan mu ya ɗauka walima ce. Ba a barin takalmi a ƙofa, kada yawansa ya tona mu. A sauke labule, a ƙure na'urar sanyi, sannan a ɗauko Littafin Waƙoƙi a rera can ƙasa-ƙasa, ba tafi ba kiɗa. Mu da muka saba da Zumuntar Mata tana buga tulu har majami'a ta amsa, farkon zuwana sai da na yi kuka. Da Hausa muke komai, amma ni kaɗai ce Hausa ta zama nonon uwata, shi ya sa karatun Littafi Mai Tsarki ya zama nawa. Fasto ba mu da shi. Wani dattijo ne Batangale, mai aikin gwajin jini, wanda ya daɗe a ƙasar tun muna yara, shi ke riƙe da mu. Baba muke ce masa.

Hausar nan da ta sa aka ba ni karatu, ita ta buɗe mini wata ƙofa a waje. Jidda cike take da Hausawa takari, wasu an haifi kakanninsu a nan. In aka kawo tsohuwa ɗakin gaggawa ba ta jin Larabci sosai, ko ɗan Kano da mota ta buge, ni ake kira in yi tafinta. Larabci ya kama bakina da wuri. Na yi ƙawa da wata Batakariya mai sayar da kuka da daddawa da kilishi a unguwar Karantina, har mijinta yakan mayar da mu masauki in kaya sun yi mini yawa. 'Yan'uwa a zumunta sun san duk wannan, har saƙon daddawa suke ba ni.

A Disamba 2011 aka kama Kiristoci 'yan Habasha 35 suna addu'a a wani gida a nan Jidda, yawancinsu mata, kuma sai a Agusta 2012 aka gama mayar da su ƙasarsu. Daga lokacin tsoro ya zauna da mu. Ana ƙwanƙwasa ƙofa sai waƙa ta tsinke a tsakiya. Sai kuma ga 2013. Gwamnati ta ba baƙi wa'adi su gyara takardunsu ko su tafi, wa'adin ya ƙare a farkon Nuwamba, aka fara kame gida-gida, shago-shago. 'Yan Habasha kaɗai an mayar da fiye da 150,000 cikin 'yan watanni. A wata Juma'a ta watan, bayan an tashi daga sujada, jama'a sun watse, askarawa suka shiga benen da muke taruwa. Suka tafi da mai masaukinmu da wasu 'yan'uwa biyu da suka tsaya tattara kwanuka. Aka kai su tarhil na Shumaisi, wato wurin tsare baƙin da za a kora, kan hanyar Makka, daga can sai Najeriya.

Ranar ban je sujada ba. Wata abokiyar aiki ce ta roƙe ni mu yi musayar duti.

Gulma irin ta cikin zumunta ba ta zuwa da hayaniya. Abin da na fara gani shi ne saƙon wurin haɗuwa ya daina shigowa wayata. Na tambaya, aka ce an dakatar da taro. 'Yar'uwar da muke cin abinci kwano ɗaya a masaukin ma'aikata ta fara cewa ta ƙoshi. A motar asibiti in na zauna, kujerar gefena ta zama ba kowa. Na ɗauka firgici ne ya kama kowa. Sai wata yarinya mai aikatau, wadda na taɓa yi wa jinyar ƙuna, ta kira ni da dare tana raɗa. Ta ce, "Anti, ana taro fa, ke ce ba a gaya wa ba. Kuma ana sa ki cikin addu'a."

Na ce addu'ar me?

Ta ce, "Wai Ubangiji ya komo da ke."

A haka maganar ta yi ta yawo, sanye da rigar roƙon addu'a. "Ni dai ba gulma nake yi ba, don mu yi mata addu'a ne." Wanda zai ji kunyar cewa wance munafuka ce, ba ya jin kunyar cewa mu tuna da wance a gaban Allah, sannan ya zayyano dalili. Kuma kowane baki sai ya ƙara gishiri. Da farko cewa aka yi ban zo ba ranar. Sai aka ce an gan ni ina magana da askari a ƙofar asibiti. Sai aka ce an biya ni. Sai aka ce na musulunta a ɓoye. Kafin Kirsimeti har an ɗaura mini aure da wani alhaji a Karantina. Abin da ya fi ci mini rai, kowace magana akwai ɗan abin da ta jingina da shi. Na yi magana da askari, tafinta nake tsakaninsa da yaron da ya karye. Na sayi fili a gida, da kuɗin adashi. Ina yafa mayafi a kan abaya kamar kowace mace a lokacin. Na shiga motar alhaji, da matarsa a gaba. Wanda ya zo ya ce babu ko ɗaya, ƙarya ya yi. Shi ya sa masu yaɗawa suke jin kansu masu gaskiya. Ruwa ba ya tsami banza, in ji su. Da ɗan gari akan ci gari. A ƙarƙashin duk wannan kuwa, tsohuwar tambayar nan ce ta Zariya: dama can Bahaushiya ce.

Da a Jidda abin ya tsaya, da na haɗiye. Amma kowa a zumuntar yana da waya, kuma kowa yana da wanda ya san wanda ya san garinmu. Inna, mahaifiyata, ita ce ma'ajin Zumuntar Mata a ikkilisiyarmu. Ta mayar da littafi da akwatin kuɗi ta ce a ba wata, ita ba ta iya tsayawa gaban mata. Aka ce wa 'yata a makarantar Lahadi, mamanku ta zama Hajiya. Ranar da maigidana ya kira, bai yi faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tambayi aiki, ya tambayi lafiya, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ki gaya mini tsakani da Allah, har yanzu kina tare da mu?" Na ce, "Malam, ni kake tambaya haka?" Ya ce mutum huɗu ne suka gaya masa, kuma ba su san juna ba. Bai san duk daga rijiya ɗaya suka ɗebo ba.

Mutum ɗaya ne a gida ya tsaya mini tun ran farko, kawuna Musulmi. Ya je har gidan surukaina ya ce, "Da yarinyar nan ta musulunta, ni za ta fara kira, kuma da na yanka rago. Ba ta kira ni ba. Ku bar ɓata mata aure."

Tafiya gida in wanke kaina ba ta yiwuwa. A lokacin ba ka fita ƙasar sai kafili, wato uban gidan da ya ɗauko ka aiki, ya sa hannu, hutuna kuma bai zo ba. Na riƙa aikin dare ina auna jinin mutane, nawa yana hawa. Barci ya ƙaurace mini. Addu'a ma ta yi mini nauyi, don duk kalmar da zan ɗauko sai in tuna da bakin da ya yi amfani da ita a kaina. Zabura 55 ce kaɗai nake iya karantawa, inda Dawuda yake cewa da maƙiyi ne ya zage shi da ya jure, amma abokinsa ne, wanda suke tafiya Haikali tare. Na yi tunanin in bi su ɗaya bayan ɗaya in yi rantsuwa. Na yi tunanin in ajiye aikin, in koma a matsayin wadda aka kora. Akwai daren da na zauna ina lissafa wanda ni ma zan iya nuna wa yatsa, don ba ni kaɗai ce ban zo ba ranar. Na ga in na yi haka, yarinyar da zan ambata ba ta da ko kawun da zai tsaya mata. Na rubuta wa Baba saƙo, yana hutu a gida lokacin. Layi uku ne: abin da aka ce, ban yi ba, ina so a haɗa ni da wanda ya gani.

Baba bai ce mini ya yarda da ni ba, bai kuma ce bai yarda ba. Ya ce, "'Yata, na ji. Ki ci abinci." Kafin ya dawo a Janairu sai da ya hau mota ya je Jos ya sami mai masaukinmu da aka koro, ya ji daga bakinsa. Askarawan ba ƙofarmu suka nufa ba. Tun daga ƙasa suka faro, hawa-hawa, suna neman igama. Sun cika mota da 'yan Yaman da 'yan Pakistan da 'yan Habasha, yawancinsu Musulmi. Shi mai masaukin laifinsa yana aiki a wani wuri ba wurin kafilinsa ba, ɗayan an rubuta masa hurub, wato ya gudu daga uban gidansa, na ukun igamarsa ta mutu. Littattafai Masu Tsarki suna kan tebur, ba wanda ya ko ɗaga su. Duk watannin nan mutumin yana da waya, kuma cikin masu yi mini addu'a ba wanda ya kira shi ya tambaya.

Da Baba ya dawo sai ya ɗauki ɗan littafi da biro ya bi gida-gida. Tambayarsa biyu ce: "Ka gani da idonka?" In an ce a'a, "To wa ya gaya maka?" Ya rubuta sunan, ya tafi wurin wancan. Wasu suka ce ai kowa ya sani. Ya ce shi bai san wani mai suna Kowa ba, a ba shi suna. Zaren ya yi ta komawa baya har ya tsaya a kan matar mai masaukinmu, wadda aka tafi da mijinta aka bar ta ita kaɗai. Ita ma ba ta ce na kai ƙara ba. A daren kamen, tana kuka, cewa ta yi, "Ko me ya hana Sista zuwa yau?"

Aka kira taro, aka kira ni. Wurin da na saba zama an ajiye kuloli a kai, na tsaya har wani ya kwashe. Baba ya ce a karanta Kubawar Shari'a 19, kuma ni ya miƙa wa littafin. Muryata tana rawa na karanta wurin da ya ce ba a tabbatar da laifin mutum da bakin shaida ɗaya, sai biyu ko uku, a kuma bincika sosai, in shaidar ta zur ce a yi wa mai ita abin da ya so a yi wa ɗan'uwansa. Ya ce, "Wanda ya gani ya miƙe." Ba a jin komai sai ƙarar na'urar sanyi. Na zaro igamata na ajiye a kan tebur, na ce ga shi a duba addinin da aka rubuta. Baba ya tura mini ita da yatsa ɗaya, bai ko kalla ba. Ya ce, "Mayar jakarki. Ba ke kika kawo magana ba, ba ke za ki kawo shaida ba."

Matar nan ta durƙusa tana kuka. Ya ce ta tashi, ita tambaya ta yi cikin baƙin ciki, sauran ne suka ba da amsa. Sai ya ce abin da har gobe nake ganin shi ne maganin: kowa ya fito da wayarsa, ya kira lambar da ya kira a gida ya kai labarin, a nan, a gaban kowa, ya ce abin da ya faɗa bai gani ba. "Ku yi haƙuri" a cikin ɗakin nan ba zai isa kunnen surukarta ba, in ji shi. Wasu suka kira. Na ji muryar wata mata daga garinmu tana cewa "Ashe? Ashe?" Wasu suka ce ba kuɗi a waya. Mutum biyu suka fita, ba su ƙara dawowa ba.

Wani ɗan'uwa direba ya ce, "Baba, mu fa tsoro muka ji. A ƙasar nan dole mutum ya yi hattara." Na daɗe ina juya maganarsa, don ba wauta ba ce. Wanda bai taɓa rera waƙa yana sauraron takun matakala ba, ba zai gane ba. Amma hattara ba ta bukatar sunan kowa. Ana iya sauya gida, a rage yawan masu zuwa, a raba taro biyu. In ma zuciyar mutum ta tsaya a kan wani, dattijo ɗaya ya isa ya ji. Kiran ƙauyenmu a gaya wa surukata na auri alhaji bai kare kowa daga askari ba. A ganina tsoro ne ya fara maganar, amma daɗin baki ne ya kai ta Katsina. Kuma masu ɗaukar ta ba miyagu ba ne. Mutanen da suka yi mini karo-karo ne lokacin da babana ya rasu. Wannan ne ya sa na daina jin cewa wa'azi a kan harshe kaɗai zai hana gulma. Sura ta 3 ta wasiƙar Yakubu kowannenmu ya haddace ta.

Tun daga ranar muka tsayar da cewa ba a kawo roƙon addu'a a kan wanda ba ya nan sai da yardarsa, in ba rashin lafiya ba. Wanda kuma ya zo maka da maganar wani, ka ce masa, "Ka gaya masa? Tashi mu je." Matiyu 18 ce dai, ka fara zuwa wurinsa ku biyu, sannan da shaida ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe jama'a. Mu mun saba farawa daga ƙarshe. Galibin maganganu a kan "tashi mu je" ɗin nan suke mutuwa.

Baba ya rubuta wa dattawan ikkilisiyarmu ta gida wasiƙa, aka karanta a sujada. Waɗanda suka ji wasiƙar ba su kai rabin waɗanda suka ji auren alhaji ba. Da na je hutu, Malam ya tarye ni a tasha, ya ɗauki jakata, muka yi tafiya mai nisa bai ce komai ba, sai da muka kusa gida ya ce, "Na tambaye ki abin da bai kamata ba." Muna tare har yau, yara sun girma, ɗakin an yi masa kwano sabo. Inna kuwa ba ta sake karɓar akwatin Zumuntar Mata ba har ta koma ga Ubangiji. A dangin mijina akwai masu ce mini Hajiya, wai wasa ne. Ina amsawa.

Ina Jidda har yanzu. Ƙasar ta sauya: a 2016 aka karɓe wa 'yan hisba ikon kama mutane, a 2018 mata suka fara tuƙi, ni ma ina da 'yar motata. Majami'a dai babu, labulenmu yana nan a sauke. Baba ya yi ritaya ya koma gida. Abin da ya ƙaru shi ne WhatsApp, inda maganar da da take ɗaukar mako kafin ta isa ƙauye yanzu take isa kafin a wanke kwanukan sujada. Bara wata 'yar'uwa ta turo mini saƙon murya, wai yaron da ke riƙe mana kuɗin baiko yana ci, mu sa shi cikin addu'a. Na kira ta na tambaya mutum nawa ta tura wa, ta ce ni ce ta farko. Na ce ta sa abaya, ga ni nan zuwa. Muka ɗauki dattijon da ya gaji Baba, muka same shi a ɗakinsa da littafin. Wannan karon akwai gaskiya a ciki: ya ɗebi wani abu ya tura gida lokacin da aka yi wa matarsa tiyata, yana nufin ya mayar kafin a lura. Bai yi musu ba. Aka karɓi littafin aka ba mutum biyu, aka yanka masa abin da zai riƙa biya duk ƙarshen wata. Matarsa daga bakinsa ta ji. Da izininsa na kawo wannan, kuma saura wata biyu ya gama biya.